Wahl-O-Mat: manhajar da ta ɓoye fuskar ɗan siyasa, ta haɗa da halinsa ta ɓoye

Wahl-O-Mat manhaja ce ta ƙasar Jamus da take nuna maka jam'iyyar da ra'ayinta ya fi kusa da naka ba tare da ka ga fuskar kowa ko ka ji muryar kowa ba. Hukumar gwamnatin tarayyar Jamus mai wayar da kan jama'a kan harkar siyasa ce ta fito da ita a 2002, kuma ba su suka fara ba, daga Holan suka ɗauko dabarar, inda irinta mai suna StemWijzer ta fara fita a kan takarda tun 1989 kafin ta hau intanet a 1998. A zaɓen 2021 kaɗai an yi amfani da ita sama da sau miliyan 21, a ƙasar da masu ikon zaɓe suka ɗan haura miliyan 60, ka ga kenan ba ƙaramin abu ba ne. Ni tauraro uku da rabi na ba ta cikin biyar, kuma wannan ɗaya da rabin da na hana ta shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Yadda take aiki ba wuya. Ba rajista, ba a tambayarka suna ko lambar waya, kyauta ce. Za ta jero maka maganganu 38 ɗaya bayan ɗaya, kowace ka zaɓa: na yarda, ban yarda ba, ina tsakiya, ko ka tsallake. Na 2021 akwai batun a sa iyakar gudu a manyan titunan ƙasar, a ba 'yan shekara 16 damar zaɓe, a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Yuro 12 a awa, a bar bututun gas na Nord Stream 2 da ya taso daga Rasha ya fara aiki, da sauransu. In ka gama sai ta ce ka ware waɗanda suka fi damunka a ninka musu maki, daga nan ta fito maka da kaso, wannan jam'iyya kun yi daidai kashi kaza, waccan kashi kaza. Jam'iyyun da kansu suke amsa tambayoyin, kuma kowace tana rubuta dalilinta a ƙasa, wannan ɓangaren wallahi ya fi kason kansa amfani amma yawanci mutane ba sa tsayawa su karanta, da sun ga sakamako sai ɗaukar hoto a tura wa abokai. Asalinta da Jamusanci take, amma fassarar waya tana ɗan fitar da mutum kunya, kuma na zaɓukan baya suna nan a ajiye a shafin hukumar duk mai so zai iya gwadawa ko da ba ɗan ƙasar ba ne.

Abin da ya burge ni sosai shi ne matasa ne suke zama da masana su tsara tambayoyin, ba 'yan jam'iyya ba. Sannan manhajar da kanta tana faɗa maka cewa ita ba umarni take ba ka ka zaɓi wane ba, bayani kawai take bayarwa. A da sai dai ka zaɓi jam'iyya takwas ka kwatanta, har sai da wata ƙaramar jam'iyya mai suna Volt ta kai ƙara a 2019 ta ce wannan tsarin yana danne ƙanana, kotu a birnin Kolon ta dakatar da manhajar ana saura 'yan kwanaki zaɓen majalisar Turai, daga baya aka cire iyakar. Yanzu duka za ka iya gani lokaci ɗaya, kuma gyara ne mai kyau.

Toh, babban amfaninta a wajena ba ma gaya maka wanda za ka zaɓa ba ne, a'a, tona maka asirin zuciyarka take yi. Kowa ya san wannan maganar ta "ni kawai jinina bai haɗu da nasa ba". Ka tambayi mutum me wane ya yi maka, sai ya ce shi dai bai kwanta masa ba, ka matsa masa sai ka ji ashe yadda yake magana ne, ko bai iya yaren boko ba, ko shigarsa, ko yadda yake dariya, ko ai ɗan ƙauye ne. Irin wannan mutumin in ya zauna da manhajar nan ya amsa 38 ɗin tsakaninsa da Allah, sai ta fito masa da cewa jam'iyyar mutumin da yake yi wa kallon hadarin kaji ita ce ta fi dacewa da ra'ayinsa, dole ya tsaya ya tambayi kansa to me nake ƙi kenan. Wannan tambayar kaɗai ta isa a yaba wa waɗanda suka ƙirƙiro ta.

Kuma fa matsalar da take ƙoƙarin magancewa gaskiya ce, ba zato ba. A 2005 Alexander Todorov da abokan aikinsa a jami'ar Princeton sun nuna wa mutane hotunan 'yan takara na daƙiƙa ɗaya tak, suka ce wa ya fi kama da wanda ya san aiki, wanda mutane suka nuna shi ne ya ci a wajen kashi 70 cikin 100 na zaɓukan majalisar dattawan Amurka da aka gwada. A 2009 wasu masu bincike a Siwizalan suka yi irinsa da yara ƙanana, suka nuna musu hotunan 'yan takarar majalisar Faransa suka ce wa za ku ba tuƙin jirgin ruwanku, yaran ma suka canka daidai a wajen kashi 70 ɗin. Yara fa, waɗanda ba su san manufa ba ba su san jam'iyya ba. Ma'ana da yawanmu manya da ido muke zaɓe irin na yara, sai daga baya mu nemo hujja mu lulluɓa.

Raini kuwa akwai shi a siyasa, kuma mummuna ne. Lula na Burazil yana yaro ya bar makaranta, ya yi gogen takalmi, ya yi aikin ƙarfe a masana'anta har inji ya cinye masa ɗan yatsa, shekara da shekaru masu ilimi da masu kuɗi suna masa dariyar kuskuren nahawu, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 1989 da 1994 da 1998 kafin ya ci a 2002, ya sauka a ƙarshen 2010 da farin jinin da ya haura kashi 80. Kana iya yin musu da shi kan tattalin arziki, kana iya kawo maganar shari'ar cin hancin da ta kai shi kurkuku a 2018 kafin a soke hukuncin a 2021, duk wannan magana ce da za a zauna a tattauna, amma ka ce bai cancanta ba saboda bakinsa bai goge ba, wannan ba shi kaɗai ka zaga ba, ka zagi duk miliyoyin da suke magana irin tasa. Su kuma suna jinka. A Indiya a farkon 2014 wani jigon jam'iyyar Congress, Mani Shankar Aiyar, ya yi wa Narendra Modi gorin sayar da shayi, ya ce ba zai taɓa zama firaminista ba sai dai ya zo ya sayar musu da shayi, jam'iyyar Modi ta BJP ta ɗauki wannan gorin ta mayar da shi kamfen, ta tashi da kujera 282, Congress ta tashi da 44. Ban ce gorin ne kaɗai ya jawo ba, amma raina kama ka ga gayya. Hillary Clinton ma a Satumban 2016 ta kira rabin magoya bayan Trump tarin abin ƙyama, ta dawo ta ce ta yi nadamar cewa rabi, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Duk wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa nake son manhajar. Amma ga inda muka rabu.

Manhajar ta ɗauka cewa abin da mai zaɓe yake saya shi ne jerin alkawura. Gaskiya kuwa mutum kake ɗorawa a kujera, mutum mai fushi da tsoro da son kai da kunya ko rashinta, kuma mafi yawan abin da zai yanke hukunci a kai ba ya cikin 38 ɗin nan domin a lokacin bai ma faru ba. Ka duba Jamus ɗin kanta. An yi zaɓe 26 ga Satumban 2021, tambayar bututun gas tana nan a jerin a matsayin ɗaya daga cikin 38, maki ɗaya da batun gudun mota. Wata biyar bayan nan sabon shugaban gwamnati Olaf Scholz ya dakatar da amincewa da bututun ranar 22 ga Fabrairun 2022, Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24, ranar 27 ya tsaya a majalisa ya sanar da Yuro biliyan 100 na musamman domin sojoji. Wace tambaya ce a manhajar ta shirya mai zaɓe wa wannan satin? Babu. Abin da ya yi aiki a satin nan shi ne wane irin mutum ne a kujerar, yana jin shawara ko ba ya ji, yana ruɗewa ko yana da natsuwa, yana iya sauya matsaya in gaskiya ta bayyana ko girman kai zai hana shi. Haka annobar korona ta zo wa shugabannin duniya a 2020, ba wanda aka zaɓa a kan ita. Saboda haka wanda ya ce shi yana duba halin ɗan takara kafin ya duba takardar manufarsa, ba girman kai yake ba, lissafi yake, kuma lissafinsa daidai ne.

Abin da yake ba ni haushi shi ne yadda wasu suke ɗaukar sakamakon irin waɗannan manhajoji su mayar da shi sanda. Ka ce ba za ka zaɓi wane ba saboda maƙaryaci ne, sai a ce maka ai kun yi daidai kashi 80, kai dai kawai ƙyamarsa kake, kana ganin ka fi shi wayewa. Haba dan Allah. Kashi 80 na me? Na abin da ya rubuta a takarda ne fa. In mutumin maƙaryaci ne to kashi 80 ɗin ma ƙarya ce, domin amsar da aka shigar ba ta da wani nauyi sai gwargwadon gaskiyar wanda ya bayar da ita. Kamar ka karɓi takardar bashi ne daga hannun wanda ka san ba ya biya, komai kyan rubutun ba zai zama kuɗi ba.

Mutumin da ya fi fito min da bambancin nan fili shi ne Jacob Zuma, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, domin abu biyun duk sun taru a kansa. Bai yi makarantar boko ba, kiwo ya yi yana yaro, ya yi shekara 10 a kurkukun tsibirin Robben saboda yaƙi da wariyar launin fata. Akwai bidiyon da yake ta tuntuɓe wajen karanta wata doguwar lamba a gaban taro, mutane suka yi ta yaɗawa suna sheƙa dariya, ni kam ban ga abin dariya ba, mutumin da tsarin zalunci da talauci suka hana shi aji ne ake wa dariyar bai iya abin da ake koya a aji ba, wannan raini ne tsagwaronsa. Amma shi dai wannan Zuman ne aka kashe wajen Rand miliyan 246 na gwamnati a gidansa na Nkandla da sunan tsaro, har da wurin ninƙaya da aka ce wai na kashe gobara ne, Thuli Madonsela, mai binciken koke-koken jama'a a kan gwamnati a lokacin, ta bincika ta fitar da rahoto a 2014 ta ce ya mayar da wani kaso, ya yi ta ja, sai da kotun tsarin mulki ta yanke a Maris 2016 cewa ya kasa kare tsarin mulkin ƙasa sannan ya biya Rand miliyan 7.8. Wanda ya ƙi Zuma saboda Nkandla da wanda ya ƙi shi saboda karatun lamba duk za su ce maka "halinsa ne ba na so", amma wallahi ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na farko yana kare dukiyar talaka ne, na biyu talakan yake rainawa.

Kuma 'yan siyasa sun gane wannan ruɗanin, suna cin moriyarsa ba kaɗan ba. Da an kama mutum da laifi sai ya ruga bayan talakawa ya ɓuya, ya ce ba ni ake ƙi ba ku ake ƙi, sun raina mu ne saboda ba mu yi makarantarsu ba. Masu rainin gaske su suka ba shi wannan garkuwar da hannunsu, domin sun shekara suna masa dariyar lafazi da tufafi, ranar da suka zo da maganar sata ta gaskiya kunnen jama'a ya riga ya toshe, an ɗauka ci gaban wulaƙancin jiya ne. Wannan ita ce babbar ɓarnar raini a ganina, ba zafin da yake sa wa a zuciya kaɗai ba, yana kashe darajar suka ta gaskiya.

In kuma da a ce ƙin halin shugaba kullum kallon na ƙasa ne daga sama, to me za a ce da Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya? Makarantar 'ya'yan manya ta Eton ya yi, jami'ar Oxford ya yi, ba wanda zai yi masa gorin asali ko na turanci. 'Yan sanda sun ci shi tara a Afrilun 2022 saboda karya dokar kullen korona da gwamnatinsa ta kafa, a lokacin da talakawa ba sa iya zuwa ganin iyayensu a asibiti, a Yuli ministoci da mataimaka sama da 50 suka ajiye aiki har ya sauka, a Yunin 2023 kwamitin majalisa ya ce da gangan ya yaudari majalisar. Da yawa daga cikin waɗanda suka juya masa baya ra'ayinsu da nasa ɗaya ne a kan haraji da ficewa daga Tarayyar Turai, da za su cike manhaja irin wannan da shi za ta haɗa su. Halinsa suka ƙi, kuma ba wanda zai ce sun raina shi ne don sun fi shi gata.

Sai dai shi ma duba halin yana da nasa tarkon, kuma a nan ne nake ɗan tausaya wa masu manhajar na fahimci dalilin da ya sa suka guje shi. A Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutum sama da 180 a Jamus, kyamara ta ɗauko Armin Laschet, ɗan takarar shugaban gwamnati na jam'iyyar CDU, yana dariya a baya a garin Erftstadt lokacin da shugaban ƙasa Steinmeier yake jawabin jaje. Ya ba da haƙuri, amma hoton ya bi shi har ranar zaɓe, ɓangarensa ya tashi da kashi 24.1, mafi muni a tarihinsu a lokacin, jam'iyyar SPD ta Scholz ta samu 25.7. Dariyar ba ta dace ba ko kaɗan, wanda ya rasa ɗan uwa a ruwan nan yana da hakkin ya ji zafi. Amma 'yan daƙiƙoƙi a kyamara su ne halin mutum? Ni ban yarda ba. Hali zanen dutse ne, abin da mutum ya yi ya sake yi ya kuma sake yi, yadda yake yi wa na ƙasa da shi, abin da yake yi in an kama shi da kuskure, ko yana cika magana in cikawar za ta cutar da shi. Wanda ya yanke wa mutum hukunci da guntun bidiyo bai fi yaran nan masu zaɓen matuƙin jirgi da komai ba.

Ni abin da nake auna kaina da shi in na ji ina ƙin wani shugaba shi ne, wannan abin da nake ƙi a jikinsa, akwai wanda zai cutu da shi in ya hau mulki? Lafazi ba ya cutar da kowa, tsohuwar riga ba ta cutar da kowa, amma ƙarya da riƙo da ramuwar gayya da rashin jin shawara suna iya kai mutane kabari. Sannan in ɗan ɓangarena ne ya yi irin wannan abin zan ji haushin, ko zan ce ai barkwanci ne? Wannan ta biyun ta fi ciwo, kuma mafi yawanmu a nan muke faɗuwa.

Sauran ƙananan matsalolin manhajar ba zan daɗe a kansu ba. Amsa uku ba ta isa wasu batutuwan ba, akwai abin da ka yarda da rabinsa ka ƙi rabi, in ka danna tsakiya kuma kamar ba ruwanka ne. Zaɓen tambayoyin ma yana juya sakamako, Stefaan Walgrave da abokansa a Beljiyam sun nuna haka a 2009, ka canza jerin maganganun sai jam'iyyar da take fitowa a sama ta canza. Ƙananan jam'iyyun da ba su taɓa riƙe mulki ba kuma suna yawan hayewa sama saboda alkawari ba ya musu tsada. A yi mata adalci dai, a Jamus majalisa ce take zaɓen shugaban gwamnati, jam'iyya tana da ƙarfi sosai, don haka gina ta a kan jam'iyya yana da hujja a can, amma duk ƙasar da ake zaɓen shugaba kai tsaye ta kwafi tsarin nan yadda yake, giɓin zai fi haka faɗi.

Akwai waɗanda suka ɗan gwada cike giɓin. Vote Compass da aka fara a Kanada a 2011 tana tambayarka yadda kake ganin amanar kowane jagoran jam'iyya da iya aikinsa, smartvote ta Siwizalan tun 2003 'yan takara ɗaya-ɗaya ne suke amsawa ba jam'iyya kaɗai ba. Na fi son na biyun, domin na farkon ra'ayinka da ka shigo da shi yake dawo maka da shi, in da raini ka zo da raini za ka fita. Abin da nake so in gani a Wahl-O-Mat shi ne shafi ɗaya a gefen kowace amsa da zai nuna abin da jam'iyyar ta ce a zaɓen baya da yadda wakilanta suka kaɗa ƙuri'a a majalisa bayan nan, domin wannan shi ne hali a rubuce, ba fuska ba lafazi. Bayanan ma suna nan, shafin abgeordnetenwatch a Jamus yana tara yadda 'yan majalisa suke kaɗa ƙuri'a da amsar da suke ba jama'a, TheyWorkForYou yana yin irinsa a Birtaniya tun 2004. Kafin masu manhajar su haɗa, duk mai son gwada ta ya buɗe Wahl-O-Mat da abgeordnetenwatch gefe da gefe, kuma dan Allah ya daure ya karanta dalilan da jam'iyyun suka rubuta a ƙarƙashin amsoshinsu kafin ya tura wa kowa hoton sakamakonsa.